Babur Ɗin da Ya Soya Rigar Amarya

Ba zan taɓa mantawa da ranar auren ƙanwata Rifkatu ba, kuma ko na so in manta, matan majami'armu ba za su bar ni ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin duk mai ba da labarin nan da ni yake farawa, da ni yake ƙarewa, alhali akwai waɗanda ya kamata a raba laifin da su. Bari ku ji shi daga bakina.

Shekarar ita ce wadda fari ya sake dawo mana zamanin mulkin soja, aka kuma rufe iyaka ta kudu, komai ya yi wuya a Tasawa. Hatsi ya ƙone a gona tun bai kai gwiwa ba. Ni a lokacin gyaran rediyo nake yi a bakin kasuwa, amma wanda bai ci ba ina shi ina kawo rediyo gyara. Saboda haka yawancin yini a zaune nake ina surutu, kuma surutun bai wuce na babur ɗina ba.

Babur ɗin nan irin wanda masu gareji ke kira de-tan ne, wato mai bugu biyu. Taubashina Ishaya, ɗan ƙanwar babana, shi kuma yana da kat-tan, mai bugu huɗu. Mun yi shekaru muna gardamar wanda ya fi, har mutane suka gaji da mu. Hujjata ita ce, a nawa duk lokacin da fistan ya hau ya sauka sai wuta ta kama. Na Ishaya kuwa sai ya ja esansi, wato fetur, da iska, ya matse, ya ƙona, sannan ya fitar da hayaƙi, kowane aiki da lokacinsa, kamar ma'aikacin ofis mai jiran albashi. Nawa ba shi da nauyi, ba shi da tarkace a ka, in ya shiga yashi tsalle yake yi. Nasa kuwa nishi yake kafin ya taso. Wannan duk gaskiya ne, kuma ko gobe aka tashe ni zan maimaita.

Abin da ba na son a kawo a gardamar shi ne zancen mai. Injin Ishaya yana da wurin ajiyar mansa a ciki, man ya zagaya ya shafe ƙarfe ya koma mazauninsa, esansi kaɗai ake ƙonawa. Nawa ba shi da wannan wurin, domin ta nan ne esansin ke bi kafin ya hau wurin wuta. Dole sai an gauraya man injin da esansi a tanki, su shiga tare, su ƙone tare. Kuma da yake sabon esansi na shiga ne a daidai lokacin da hayaƙi ke fita, wani abin ba ya tsayawa ya ƙone, sai ya bi hayaƙin ya fice ta bututu. Ishaya kan ce, "Motonka ba shi da ciki, dut abin da ka ba shi sai ya tofo shi ta baya." Ni kuma in ce masa hayaƙi shi ne lafiyar de-tan, ranar da ka ga ya daina hayaƙi, to ya kusa mutuwa. (Ku riƙe wannan maganar. Ni na faɗe ta, ba sau ɗaya ba, a gaban shaidu.)

Yanzu sai zancen riga. Mu Kirista a wannan yankin ba mu da yawa, 'yan ƙananan majami'u ne a warwatse cikin ƙauyuka, kuma rigar amarya guda ɗaya ce tak gare mu duka. Matan zumunta ne suka haɗa hannu suka ɗinka ta tun ina ƙaramin yaro, fara sol, da doguwar jela wadda 'yan mata ƙanana ke riƙewa a baya. Duk inda za a yi aure sai a aika da ita, a rage ko a ƙara, a sa, a wanke, a mayar. Mai ajiyarta ita ce Mama Saratu, shugabar zumuntar mata, tsohuwar da ko fasto in zai yi mata magana sai ya gyara murya. Satin da ya gabaci namu an yi aure da rigar a wajen Hawan Dawaki, aka dawo da ita Tasawa domin a rage ta. A shekarar duk amaren ragi ake musu, babu wadda aka ƙara wa.

Rifkatu tana ƙauyenmu tare da Inna, can gaba da Kanan Bakashe. Tun da babanmu ya rasu a farin farko ni ne ubanta. Da ta zo Tasawa awon riga, na zaunar da ita na gaya mata gaskiya: babu akuya, babu shinkafa, babu gado mai rumfa. Ta ji ni har na gama, sannan ta ce, "Yaya, ban roƙe ka komi ba. Rigar dai ta iso hwara. In shiga ɗakin sujada kamar yadda kowace ta shiga, shi ke nan." Na buga ƙirji na ce mata wannan ai ba roƙo ba ne.

An shirya cewa abincin biki ƙosai ne kawai, kowa ya sami ko guda ne ya sa a baki. Dangin ango, Yohanna, mutanen wajen Attantane, za su kawo wake, mu kuma mai. Matata Hannatu ta daɗe tana tsimin wata kwalbar mai daga rabon taimako, ta ɓoye ta bayan randa, ko yaranmu ba su san da ita ba. Mata suka riga ni tafiya a motar kasuwa, har da Mama Saratu, amma tela bai gama ragin riga ba, saboda haka aka bar mini ita in kawo da safiyar Asabar. Hannatu ta ji tsoron kwalbar ta fashe a cunkoson mota, sai ta ce in haɗo da ita.

Ishaya ma zai je bikin. Ya same ni ya ce in ba shi rigar ya ɗaura a nasa, tunda nasa ba ya hayaƙi. Ya faɗe ta ne a gaban mutane, yana murmushin nan nasa mai ban haushi. Da a ɓoye ya faɗa, wataƙila da na yarda. Na ce masa rigar ƙanwata ba za ta hau jaki ba alhali yayanta na da doki, kuma in ya ga dama mu tashi tare mu ga wanda zai riga isa. To ku gaya mini, mutumin da ya san halina ya zo ya yi mini tayi a bainar jama'a, ba shi da rabo a laifin?

Safiyar Asabar na naɗe rigar yadda Mama Saratu ta koya mini, gaba a ciki, baya da jela a waje, na rufe da zane, na zura cikin wani tsohon buhun taimako mai leda a ciki. Na sa babbar rigata guda ɗaya da nake da ita. Na zuba esansi. Na ɗauko gwangwanin man injin, na karkata shi, ko ɗigo bai fito ba.

Na zaga kasuwa, babu. Man de-tan daga kudu yake zuwa, iyaka kuwa a rufe take. Mai gareji ya ce wanda ya rage masa ya sayar tun jiya. Na san Ishaya bai tashi ba tukuna, na kuma san in na je zai karɓi rigar, ko ya tsiyaya mini ɗan nasa man, amma sai ya ba da labarin har a jana'izata. Na dawo gida na tsaya tsakar gida ina huci, ina zagin masu rufe iyaka da masu buɗe ta. Nan idona ya faɗa kan kwalbar Hannatu.

Tunanin da na yi, a ganina, na masu ilimi ne. Mai dai mai ne, aikinsa santsi. Ɗan kaɗan zan ɗiba, wuyan kwalba kawai, Hannatu ba za ta ma lura ba. Na ɗiba. Sai na ce ai man girki bai kai na injin ƙarfi ba, dole a ninka. Na ninka. Na jijjiga babur ɗin don su haɗu, na buga, ya tashi lafiya lau, har na ji sautinsa ya fi na kullum taushi. Na cusa kwalbar a aljihun cikin babbar riga na kama hanya ina jin kaina kamar wanda ya gano wani abu da Turawan da suka ƙera injin ba su gano ba.

Ban yi nisa da gari ba na iso shinge. A zamanin ba ka tafiya mai tsawo ba ka tarar da gangar da aka gicciya da sanda da mai kaki a gindin bishiya ba, suna neman masu karkatar da kayan taimako. Mai kakin wannan shingen ya taso a hankali, ya zagaya babur ɗin, ya buɗe hanci.

"Mi kake soyawa?"

Na ce masa ba na soya komai, babur ne. Ya dube ni, ya dubi buhun, ya ce in kwance. Na yi masa bayani cewa rigar amarya ce, ta majami'a ce, ba a son hannu ya taɓa ta. Bai ko saurare ni ba. Ya zaro ƙunshin, ya lalluba, bai ga hatsi ba, bai ga mai ba (man yana manne da haƙarƙarina, gumi na bin kwalbar). Da ya rasa abin kamawa sai ya ce buhun na gwamnati ne, ba a ba ni shi don in naɗe kayan mata ba. Ya ninke shi ya zauna a kai. Buhun da babu komai a ciki, wanda ko akuya ta gama lasa. Har yau ban manta fuskar mutumin nan ba.

Ina tsaye ina haɗiyar maganganun da in na faɗe su a kurkuku zan kwana, sai ga Ishaya ya iso a kan kat-tan ɗinsa, shiru kamar ɓarawo. Mai kaki ya ɗaga masa hannu ya wuce. Da zai wuce ya rage gudu ya ce, "Doki ya gaji ne?" Ya tafi. Na ɗaura ƙunshin riga da zane kawai, na ja roba sau biyu maimakon sau huɗun da na saba, na haye na bi shi.

Wanda bai taɓa bin hanyar nan ba ba zai gane ba. Yashi ne zalla, ga rana, ga gawar shanu nan da can a gefe. A irin wannan hanyar injin de-tan yana ta ihu ne a ƙaramin giya, iska ba ta isarsa, sai ya yi zafi. Da na ji ya fara shaƙewa yana tari, sai na ce ƙishin mai yake ji. Na tsaya na ƙara masa. Ya yi gaba kaɗan ya mutu. Na kwance buji, abin da ke ba injin tartsatsin wuta, na tarar da shi baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf, yana danƙo. Duk mai hankali da ya ga haka ya san mai ne ya yi yawa har ya hana wuta kamawa. Ni ma na sani, na sha gaya wa mutane a bakin shagona. Amma ranar ba sani ke tuƙa ni ba, Ishaya ne ke tuƙa ni. Na goge bujin da gefen zanen da na ga yana lilo kusa da hannuna, ban ko tambayi kaina dalilin da ya sa yake lilo a nan ba, na ɗaura na ci gaba.

A Kanan Bakashe na sayi esansin kwalba wurin masu sayarwa a bakin hanya. Sabon esansi kuwa sai da sabon mai, haka ƙa'ida take. Na juya baya don kada a gani, na tsiyaya. Da na ɗaga kwalbar Hannatu ga rana, abin da ya rage bai fi a shafa wa jariri a ka ba. Na ce a raina in na isa zan san abin da zan ce. Mai esansi yana ta shaƙar iska yana waige-waige, har ya tambayi na kusa da shi ko wani ya buɗe tukuba.

Daga nan zuwa ƙauyenmu abin ya zama abin da ya zama. Hayaƙin da ke bina shuɗi ne mai kauri, kuma ƙamshinsa na suya ne sak, irin na kaskon da ya sha ƙosai. Duk ƙauyen da na ratsa sai in ga mata sun leƙo ta kan danga, tsofaffi sun miƙe daga inuwa. Mutanen da suka yi watanni ba su ji ƙamshin mai a wuta ba. Wata tsohuwa ta biyo ni da ƙwarya tana ɗaga mini hannu. Wannan ba na iya yin dariyarsa ko yanzu, kuma shi ya fi ƙona mini rai a kan kaina.

Duk da haka na isa, kuma don tarihi ya sani, na tarar da Ishaya ya tsaya a bakin rijiya yana wanke ƙafa, na wuce shi na riga shi shiga gari. Wannan ɓangaren babu mai faɗarsa in ana ba da labarin.

Na shiga filin ƙofar gidanmu da ƙarfi, na murɗa hannun babur sau biyu don a san na iso. Hayaƙi ya rufe rumfar baƙi. Dangin ango suna zaune a kan tabarmi, da jagoransu Baba Ilu, wan baban Yohanna, dattijo Musulmi mai carbi wanda shi ya zo neman auren tun farko. Ya yi tari, ya kaɗa hannu a gaban fuskarsa, sannan ya tsaya cak yana shaƙa.

Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗana, mu munka kawo wake, na iri ne ma munka ɗebo. Tun da sahe an markaɗa, anka ce mai ake jira. To ga shi hanci na ji an soya. Halan wani gida anka kai kaskon?"

A hankali ya faɗa, amma kowa ya gane. Yana nufin mun soye waken mun raba tsakaninmu, mun bar baƙi da yunwa. Mutanensa suka fara kallon juna. Na buɗe baki na ce ai ƙamshin babur ne. Wani daga cikinsu ya yi dariyar da ba ta da daɗi ko kaɗan.

Kafin in ƙara wata magana mata suka fito daga cikin gida, Mama Saratu a gaba, Hannatu a bayanta da hannu duk ƙullun wake. Mama Saratu ba ta gaishe ni ba, bayan babur ta nufa. Sai a lokacin na waiga na ga abin da ya kamata in gani tun daga shinge. Ƙunshin ya zame daga mazauninsa ya rataya ta gefe, gindinsa daidai bakin bututun hayaƙi. Zanen ya yi baƙi yana naso.

A tsakar gida aka warware rigar, a kan tabarma, mata sun yi da'ira. Gaban rigar lafiya lau, fari kamar yadda aka ba ni. Da aka juya ta kuwa, daga ƙugu har ƙarshen jela ɗigo-ɗigo ne na baƙin mai, wani wurin ya haɗe ya zama taswira. A can gefen jela ga shatar yatsuna huɗu inda na goge buji, domin ashe ba zane kaɗai na kama ba. Kuma tana ƙamshin ƙosai.

Mama Saratu ta durƙusa ta shafa wurin da yatsa, ta shinshina. Ta ce, "Rigag ga ta aurad da ɗiyan mutane tun kana yawo ba wando. Ta hau jaki, ta hau amalanke, ta hau raƙumi. Ba ta taɓa komowa da tabo ba sai da ta hau ilimi."

Na fara bayani. Na kawo zancen iyaka, na kawo mai kaki da buhu, na kawo Ishaya. Har na fara bayyana musu yadda injin de-tan ke fitar da abin da bai ƙone ba, ina kwatantawa da hannu. Ina cikin haka Hannatu ta matso ta miƙo tafin hannu ta ce, "Kwalbata." Na zaro ta daga aljihu na ba ta. Ta ɗaga ta sama, ta karkata, ta dube ni. Sannan ta wuce ni, ta fita har rumfar baƙi, wurin da mace ba ta saba tsayawa ba, ta durƙusa gaban Baba Ilu ta ajiye kwalbar.

Ta ce, "Baba, ba mu ci wakenku ba, ga shi can cikin ƙwarya. Man ne maigidana ya ba moto ya sha."

Baba Ilu ya ɗauki kwalbar ya duba, ya dubi babur, ya dube ni. Ya ce, "To, Allah shi sa ya ƙoshi." Daga nan rumfar ta fashe. Mutanen da yunwa ta hana dariya wata da watanni suka yi ta har da riƙe ciki, Ishaya kuwa, wanda ya iso daidai lokacin, sai da ya zauna a ƙasa.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi zafi shi ne da na koma ciki na tarar da Rifkatu tsaye a bakin ɗakin Inna, da lalle a hannu, tana kallon rigar. Na so ta zage ni. Da ta zage ni da na sami abin mayarwa. Ta ɗago kawai ta ce, "Yaya, abu guda na roƙe ka." Ta koma ɗaki.

Wanki ba zai yiwu ba, ruwan rijiya da ƙyar ake samun na sha, kuma mai ba ya jin ruwa. Wata ta ce a yafa mata mayafi a baya, Mama Saratu ta ce ba a taɓa rufe rigar zumunta da tsumma ba. Wata ta ce a yanke jelar, ta ce sai dai a yanke hannun mai yankewa. Sannan ta kalle ni daga sama har ƙasa, ta tsaya a kan babbar rigata. Ta sallami 'yan matan nan biyu da aka yi wa kitso don riƙon jela, suka tafi suna kuka. Ta ce, "Kai ka ɓata, kai za ka ruhe. Ka tattara jelar ka rungume, ka buɗe hannuwan rigarka, ka bi ta sau da ƙafa. In ta tsaya ka tsaya, in ta durƙusa ka durƙusa."

Na ce, "Mama, ni ne fa uban amarya. A gaba ya kamata in zauna."

Ta ce, "A da ke nan."

Haka aka yi. Daga ƙofar gidanmu har majami'a, ta tsakiyar gari, mata na waƙa suna kaɗa tulu, amarya na tafe a hankali kamar yadda amare ke yi, ni kuma ƙato da gemu ina manne a bayanta, jela a ƙirji, gwiwoyin hannu a buɗe kamar kazar da ke rufe 'ya'yanta. Duk garin ya fito, Musulmi da Kirista, domin labari ya riga mu. Fuskata da baƙin buji, jikina na ƙamshin suya, ƙudaje sun yi mini rakiya. Da muka shiga ɗakin sujada fasto ya ɗago kai ya gan ni, ya mayar da idonsa kan littafi, ya daɗe bai ɗago ba, kafaɗarsa na motsi. Da ya tambaya wa ke ba da wannan yarinya aure, sai da na leƙo ta bayan kafaɗarta na ce ni ne. Wani a baya ya kasa riƙewa ya fita waje.

Na durƙusa da ta durƙusa, na tashi da ta tashi. Har aka gama ba ta waigo ta dube ni ba ko sau ɗaya. Ƙullun waken kuwa mata suka ƙulla shi a ganye suka dafa alala marar mai, aka ci ana shan ruwa don ta wuce. Hoto guda aka ɗauka a bikin, kuma ina ciki: ango, amarya, da rabin kaina a tsakaninsu. Yana rataye a ɗakin Rifkatu har yanzu, ta ƙi sauke shi.

Tabon bai fita ba. An gwada toka, an gwada sabulun salo, an gwada kanwa. Daga ƙarshe matan zumunta suka zauna suka ɗinka ɗan fure da farin zare a kan kowane ɗigo, babban fure a kan shatar yatsuna. Amaren da suka biyo baya suna cewa babu rigar da ta kai ta kyau daga baya. Kowace kuma sai ta tambayi dalilin da ya sa furannin suke a baya kaɗai, kuma kowace sai an gaya mata, da sunana da na babana.

Na sayar da babur ɗin bayan damina ta dawo, domin man girkin ya daskare masa a ciki ya riƙe zoben fistan, bai ƙara jan kirki ba. Wanda nake hawa yanzu kat-tan ne, kuma ba na son a tambaye ni. Hannatu kuwa har yau ba ta aikena sayen mai. In ya ƙare sai ta yafa mayafi ta wuce ni a zaune a kan babur, ta tafi da ƙafarta.

Da 'yata ta fari ta tashi aure, Mama Saratu ta daɗe da rasuwa, ajiyar riga ta koma hannun Rifkatu. Na aika mata cewa zan zo in ɗauka. Ana jibi biki sai ga ta ta sauko daga motar kasuwa da ƙunshi a ka, ta ratsa ta gabana ta shige wurin Hannatu. Da ta fito na ce mata, shekara nawa yanzu, ashe ba a yafe ba? Ta ce, "Na yahe tun ran nan, Yaya. Riga ce dai ba ni ba ka." Sannan ta gyara mini wuyan babbar riga ta ce wannan karon a gaba zan zauna.

Ina nan a kan bakana cewa mai kaki na da laifi, Ishaya na da laifi, wanda ya ƙera injin da ba shi da wurin ajiye mansa shi ma na da laifi. Nawa darasin dai guda ne. In za ka yi abu a ɓoye, kada ka yi shi da injin bugu biyu, domin duk abin da ka zuba masa ta gaba sai ya fito da shi ta baya, ni kuwa nawa a bayan ƙanwata ya sauke shi.